Wasiƙa Kan Conan da Takardar Ɗan Wasa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Wasiƙarka ta iso, kuma na ga tambayar da ka yi mini, wato ko rukunin Barbarian na wasan Dungeons & Dragons ya kamo siffar Conan, jarumin labaran takobi, kamar yadda marubuci Robert E. Howard ya rubuta shi. Wasan dai na tebur ne, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya daga wani rukuni, da takardar da ke nuna abin da jarumin ya iya. Na jinkirta amsa ne saboda na koma na sake karanta labaran, kuma abin da na gani ya ƙara mini ƙarfin ra'ayin da nake da shi tun da daɗewa: rukunin ya ɗauki hoton bangon littafi ne, ya bar mutumin da ke ciki.

Ka duba labarin farko da ya fito a mujallar Weird Tales a watan Disamba na 1932. A can Conan sarkin Aquilonia ne, wata ƙasa ta cikin labarin, kuma farkon ganinmu da shi yana zaune gaban tebur riƙe da alƙalami, yana ƙara ƙasashen arewa a taswira domin masanan fadarsa ba su san su ba. A labarin hasumiyar giwa na 1933 kuwa saurayi ne ɓarawo mai hawan katanga cikin dare. Daga baya ya yi fashin teku tare da Bêlit, sarauniyar 'yan fashin teku, ya yi sojan haya, ya yi leƙen asiri a dajin kan iyaka. Yana jin harsuna da dama, kuma duk lokacin da ya sami sulke da kwalkwali sai ya saka, domin ya san takobi ba ya jin tsoron ƙirji.

To, ka kwatanta wannan da abin da wasan ya ba mu. Rukunin Barbarian ya shiga littafin ƙarin dokokin wasan mai suna Unearthed Arcana a 1985, amma a bugu na uku na wasan na shekarar 2000 ne aka ɗora shi kan fushin yaƙi, har aka ƙaddara cewa bai iya karatu ba sai ɗan wasa ya saya masa da maki. Bugu na biyar na 2014 ya ba shi lada idan ya shiga fage ba sulke. Wannan fushi ya fi kusa da mayaƙan Sikandinebiya na da, tsiraicin ƙirjin kuma ya shahara ne ta zanen da Frank Frazetta ya yi wa bangon littattafan Conan da kuma fim ɗin Conan na 1982. Howard, wanda ya rasu a 1936, bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na ga wannan giɓi da idona a teburinmu. Wani ƙanena ya gina jaruminsa da niyyar ya zama Conan sak, muka kai shi gindin wata hasumiya, ya ce zai lallaɓa ya wuce masu gadi sannan ya karanta rubutun da ke kan ƙofa. Ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin, ya duba takardarsa, ya ga ba abin da zai ƙara a kai, sai mai riƙe da ɓarawo ya yi aikin farko, mai riƙe da matsafi ya yi na biyu. Ya zauna shiru yana juya fensir har aka zo wurin sara. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron ya fahimci labarin daidai, dokar ce ta hana shi.

Sai dai ban ɗora wa masu tsara wasan laifi duka ba. Tun 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi da rukunai uku kacal, an tsara shi ne domin mutane da dama su raba aiki, kowa da ranarsa. Jarumin mujalla kuwa shi kaɗai yake tafiya, ko da aboki ɗaya, don haka dole ya iya komai. Ko Gray Mouser, jarumin labaran marubuci Fritz Leiber, ɓarawo ne, gwanin takobi, kuma ya taɓa koyon tsafi, bai shiga rukuni ɗaya ba. Da za a ba ɗan wasa guda duk baiwar Conan, sauran sai su zama 'yan kallo.

Shawarata ga wasan da kake shiryawa ita ce ka bar Barbarian gefe, ka haɗa mayaƙi da ɓarawo, ka sa masa sulke, ka ba shi harsuna uku, sannan ka rage 'yan tebur zuwa biyu. Ka rubuto mini yadda ta kaya.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
Amininka