Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Abba Kabir Yusuf kan harajin gidajen haya

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, roƙo na zo da shi a kan tsofaffi da masu buƙata ta musamman da ke zaman haya a Kano.

Duk wanda ya taɓa bin dillali neman ɗaki a Kurna ko Dorayi ya san yadda ake yi. Da mai gida ya ji cewa tsohuwa ce marar mai tallafa mata, ko gurgu mai keke, sai ya ce ai an riga an kama ɗakin. Ba kullum mugunta ba ce. Tsoronsa shekara ta zagayo babu kuɗi, kuma kunya ba za ta bar shi ya watso kayan tsohuwa waje ba. Mai keke kuwa sai an fasa dakali an yi masa gangare, an faɗaɗa ƙofar banɗaki, duk daga aljihun mai gida.

Dokar harajin tarayya da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya sauƙi: ana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, iyakarsa naira 500,000, daga samunsa na shekara kafin a yanka masa haraji. Madalla. Sai dai wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba dama ba ya biyan wannan harajin, saboda haka sauƙin bai iso inda tsohuwar nan take ba. Legas ma ta yafe wa 'yan fansho harajin gida a dokarta ta 2020, amma gidan da suka mallaka suke ciki kawai.

Ranka ya daɗe, ta hannun mai gida za a iya cim ma waɗannan bayin Allah. Duk mai gidan da ya ba tsoho ko mai buƙata ta musamman haya, a rage masa harajin fili da yake biyan jiha, a kuma zauna da shugabannin ƙananan hukumomi 44 su sassauta harajin gini da tsarin mulki ya ba su ikon karɓa. Sharaɗi kuwa, kada ya ƙara wa ɗan hayar kuɗi a wannan shekarar.

Na san wasu za su rubuta sunan kakarsu da ke ƙauye don su ci banza. Mai unguwa ya san wanda ke kwana a kowane gida, shi ya kamata ya sa hannu duk shekara, wanda aka kama da ƙarya ya biya ninki.

Allah ya taimaki Gwamna.

Naka,
Wani mazaunin Kurna, Kano