A san abin da ke cikin tsohon silin kafin a kankare shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana a kan sana'ar da nake ci da ita, domin na ga 'yan uwanmu, na nan Ingila da na gida, suna afka wa wani aiki ba tare da sanin abin da ke cikinsa ba. Ni mai aikin filasta ne a Manchesta, kuma yawancin kiran da nake samu a kan silin tsofaffin gidaje ne. Mai gida ya gaji da silin mai kaushi da zane-zane, yana so a mayar masa da shi sumul.

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan haya a ƙasar nan ya san irin silin da nake nufi. Wani farin kwaɓi ne da ake shafawa a sama, tun yana ɗanye a bi shi da buroshi ko mataji a fitar da zane, wani tsini-tsini, wani zagaye-zagaye, kamar yadda maginan gargajiya a Zariya ke zana bango da yatsu idan sun yi yaɓe. Sunan da ya fi shahara a kansa shi ne Artex. Ya yi tashe daga shekarun 1960 zuwa na 1980 saboda dalilai masu sauƙi. Yana ɓoye tsaga da mahaɗar alluna, yana da arha, kuma ba ya buƙatar gwanin hannu kamar filasta mai santsi. A Amurka da Kanada ma akwai ɗan uwansa, wanda ake fesawa da inji ya fito ƙuraje-ƙuraje. Yau yayinsa ya wuce. Yana riƙe ƙura da yanar gizo, yana sa ɗaki duhu, idan ruwa ya ɓata wani gefe ba a iya yin faci ya saje, kuma mai sayen gida da ya ɗaga kai ya gan shi sai ya nemi ragi. Don haka ban ga laifin wanda ke son ya rabu da shi ba.

Matsalar tana cikin kwaɓin. Har zuwa tsakiyar shekarun 1980 ana zuba farin asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ake haƙowa daga ƙasa, a cikinsa don ya yi ƙarfi, kuma Biritaniya ba ta haramta farin asbesto gaba ɗaya ba sai a 1999, duk da cewa ta hana nau'insa shuɗi da na ruwan ƙasa tun 1985. Shi ya sa ƙa'idar aikinmu ita ce, duk ginin da aka yi kafin 2000 a ɗauka yana iya ƙunsar asbesto sai an gwada. Ba a gane shi da ido. Wanda duk ya ɗaga kai ya ce maka wannan babu komai a ciki, ƙiyasi kawai yake yi, ko da ya tsufa a sana'ar.

Muddin silin yana zaune lafiya da fentinsa, ba a huda shi ba, ba a goge shi ba, ba ya cutar da masu kwana a ƙarƙashinsa. Ranar da aka sa masa samfefa ko aka kankare shi a bushe, ranar ce zaren asbesto ke tashi. Zare ne da ido ba ya gani, ba ya wari, ba ya sa atishawa, yana daɗewa yana yawo a iskar ɗaki, kuma idan ya shiga can cikin huhu jiki ba ya iya fitar da shi duka. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20, 30, wani lokaci 40 ko fiye. Tana zuwa a matsayin tabon huhu da ke hana numfashi, ko sankarar huhu, ko wata sankara ta tantanin da ya lulluɓe huhu wadda har yau ba a samo mata maganin warkewa ba. Mai shan taba kuwa haɗarin sankarar huhunsa ninkuwa yake yi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Biritaniya ta ce asbesto na kashe kimanin mutum 5,000 a kowace shekara a ƙasar nan, adadin da ya fi na masu mutuwa a haɗarin mota. Da yawansu kafintoci ne, da masu aikin wuta, da masu famfo, da irina.

Mu da ke wannan yanki ba labari muke ji ba. A Rochdale, nan kusa da mu, aka yi ɗaya daga cikin manyan masana'antun asbesto na duniya. A can wata mata mai suna Nellie Kershaw ta yi aikin kaɗa zarensa, ta rasu a 1924 tana da shekara 33, kuma mutuwarta ce ta farko da likitoci suka rubuta a kan tabon huhu na asbesto. Ba a biya iyalinta diyya ba. Sai a 1931 aka kafa dokar farko ta kare ma'aikatan masana'antar, sannan aka ƙara shekara 68 kafin a haramta abin kwata-kwata. Wannan jinkiri shi ya sa har yanzu yake saman kawunan miliyoyin mutane.

To yaya ake aikin idan za a yi shi daidai? Farko a jiƙa ɗan gefe, a ɓalli ɗan guntu, a sa a leda biyu a kai ɗakin gwaji. Kuɗinsa bai kai ladan lebura na yini ɗaya ba, kuma cikin 'yan kwanaki ake samun amsa. A ɗauka daga kowane ɗaki, don sau da yawa ba lokaci ɗaya aka yi su ba.

Idan an samu asbesto, shawarar da na fi bayarwa ita ce a rufe shi a bar shi a inda yake. Hanya ta farko a yi filasta a kansa. Ana shafa ruwan gam, a jira ya yi danƙo-danƙo yadda idan ka taɓa da yatsa zai ɗan kama, sannan a yi shafe na farko wanda zai cike ramukan zanen. Idan zanen mai zurfi ne sai a fara da filasta mai kauri. Shafe na biyu siriri ne ƙwarai. Daga nan aikin ya koma na lokaci, domin filasta ba ta jiran kowa. Da ta fara kamawa sai ka bi ta da cokali, kana ɗan yayyafa ruwa, kana danna bakin cokalin yana shafe layukan da ka bari, har sai ka ji ƙarar ƙarfen ta sauya, ta koma siririya. A lokacin wuya ya ƙage, kafaɗa na zafi, amma idan ka sauka ka huta ka rasa ɗakin. Filastar takan ɗauki kwanaki tana juyawa daga ruwan ƙasa mai duhu zuwa fari-fari mai ɗan ja, kuma ba a yi mata fenti sai ta bushe duka, na farkon ma a tsinka shi da ruwa. Ni kafin in karɓi kuɗina nakan kashe wuta in haska tocila a gefen silin. Duk wani tudu ko kwari a nan yake tona kansa.

Wannan hanya ba ta yiwuwa ko'ina. Idan tsohon kwaɓin bai kama da kyau ba, nauyin ɗanyar filasta zai iya ɓamɓaro shi ya zubo gaba ɗaya. A irin wannan sai a nemi katakan da ke sama, a ɗaura sababbin allunan filasta a ƙarƙashin tsohon silin da dogayen sukurori, a manna ƙyalle a mahaɗa, a yi shafe. Ɗaki zai rage tsawo da abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba. Kuma duk wanda ya rufe asbesto, don Allah ya rubuta a takardun gidan. Bayan shekara goma wani yaro mai aikin wuta zai zo ya huda silin zai sa fitila, yana ganin filasta mai kyau, bai san abin da ke bayanta ba.

Cirewa gaba ɗaya ita ce hanya ta ƙarshe, kuma ta waɗanda aka koya wa ce. Ana kwashe kaya, a shimfiɗa leda mai kauri, a toshe ƙofa, a shafa wani abu mai kama da kunu da ke jiƙa kwaɓin har ya yi laushi ya sauko a dunƙule ba ƙura. Ma'aikaci na sa rigar da za a yar bayan aiki, da takunkumi mai lamba FFP3 wanda ya kama fuska sosai. Ba a share wurin da tsintsiya ko injin shara na gida. Sharar kuma a buhu biyu ake ƙulle ta, a kai inda hukuma ta ware.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ina ganin samarinmu da suka zo karatu ko neman na kansu suna karɓar aikin yini a hannun masu gyaran gidaje don sayarwa, a biya su a hannu da yamma. A ba yaro tsani da abin kankara, a ce ya gama ɗaki biyu kafin la'asar. Na ga ɗaya daga cikinsu a masallaci ranar Juma'a, gashin girarsa da cikin kunnensa fari fat. Da na tambaye shi ko an gwada silin, bai ma san ana gwadawa ba. Ɗan'uwa, kana da ikon ka tambaya, kuma doka a ƙasar nan ta ɗora wa wanda ya sa ka aiki nauyin ya bincika kafin ka fara. Idan ya ƙi nuna maka takardar gwaji, ajiye masa kayansa. Haka masu sayen tsohon gida su ce za su yi da kansu ranar Asabar don sun kalli bidiyo a intanet, alhali yara na wasa a falo. Yawancin bidiyon nan daga Amurka suke, inda ake fesa ruwa a kankare, kuma ko a can sai an gwada tukuna, domin an ci gaba da amfani da ragowar kayan bayan hana fesa su a 1978. Silin da aka yi wa fenti kuma ruwa ba ya ratsa shi, sai mutum ya ƙare da kankara a bushe.

A gida ba mu da wannan kwaɓi sosai, amma muna da abin da ya fi shi yawan asbesto. Tsofaffin gidajen gwamnati, da kwatas na ma'aikata, da makarantu da asibitoci da aka gina daga shekarun 1960 zuwa na 1980 a Kaduna da Kano da Zariya da Jos, da yawansu silin allon siminti ne mai asbesto, wasu har da rufin. Yanzu kowa na son POP ko PVC, kuma na ga yadda ake sauke tsohon idan na je ganin gida. Lebura ya hau, ya sa guduma, allo ya tarwatse, a share da tsintsiya, a ɗebi ɓaraguzan a baro a yi ciko a bakin layi inda mota za ta niƙe su yara su yi wasa a kai. Da yamma a saya wa leburori madarar gwangwani wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ba ta da hanyar zuwa huhu. Takunkumin nan shuɗi na lokacin korona shi ma ba ya tare wannan zare, balle ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci.

Na san ɗakin gwaji ba ya kusa da kowa. To a ɗauka duk tsohon allo yana da shi. Idan katakon sama lafiya yake, gara ba ta ci ba, ba yoyo, a tambayi kafinta ko za a iya sa sabon silin a ƙarƙashi a bar tsohon. Idan dole a sauke, a fitar da iyali daga gidan, a jiƙa allon sharkaf, a cire katakan da suka danne shi, a zare ƙusoshi, mutum biyu su sauko da shi ɗungurungum. Kada a yanka shi da zarto ko injin gurza. A naɗe a leda mai kauri, a binne a rami mai zurfi nesa da gidaje idan babu wurin da hukuma ta tanada, kada a ba maƙwabci ya yi akurkin kaji. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma a haɗa da shi a binne. Kayan da aka yi aikin da su kada a kai wa uwargida ta kakkaɓe ta wanke, domin a nan Ingila an sha samun matan da suka kamu da cutar ta wankin kayan mazajensu kaɗai.

Alhaji mai gida, ranka ya daɗe, kai za ka kwanta a ƙarƙashin POP mai fitilu, amma yaron da ya shaƙi ƙurar ɗan shekara 20 ne. Sai ya kai 50 zai fara haki, a yi ta ba shi maganin tarin tibi, ba wanda zai tuna da silinka, shi kansa ba zai tuna ba. Rashin tunawar bai sauke maka haƙƙinsa ba. Ƙarin yini ɗaya na aiki, da leda, da takunkumi na ƙwarai, bai kai kuɗin fitila guda cikin waɗanda za ka rataya ba.

Malam Edita, ina roƙonka ka tura wakilinka wajen likitocin ƙirji a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya su yi wa jama'a bayani da Hausa, ka kuma tuntuɓi hukumomin muhalli na jihohi su faɗa mana inda mai gida zai kai tsohon allo idan ya sauke shi. Shugabannin ƙungiyoyin magina da kafintoci su ma a kai musu maganar, don su ne leburori ke saurara.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai aikin filasta, ɗan Zariya mazaunin Manchesta, Ingila