Wasiƙa daga unguwar Nima, Accra

Assalamu alaikum aminina,

Ya gida, ya ƙafar Hajiya? Tun bikin ƙanwarka ko gaisuwa babu, sai ka ce Kano ta fi ƙarfin waya.

An rantsar da John Mahama a matsayin shugaban Ghana ranar Talata, 7 ga Janairun 2025. Na san ka, Tinubu kawai ka tsaya kallo da ihun murnar da aka yi wa Traore na Burkina Faso. Ni kuwa daren Litinin ne ya hana ni runtsawa. A wajenku ana rantsar da shugaba ranar 29 ga Mayu, majalisa ta biyo baya a Yuni. A nan tsarin mulkin 1992 ya ce a gaban majalisa shugaba zai yi rantsuwa. Wa'adin tsohuwar majalisa na cika da sha biyun dare, sabuwa ta zauna a daren, ta zaɓi kakaki, a rantsar da wakilai, da safe ta ɗauke zamanta zuwa Dandalin Black Star. Wannan taron da ka gani a talabijin zaman majalisa ne, kakaki Alban Bagbin ke jagoranta, Alƙaliyar Alƙalai ta ba da rantsuwa. To in ba a samu kakaki ba kafin gari ya waye, wa zai buɗe zaman?

Ka tuna 2021? Kujera 137 ga jam'iyyar NDC ta Mahama, 137 ga jam'iyyar NPP. Aka kwana ana kokawa, wani ɗan majalisa ya wawuri takardun ƙuri'a ya ruga, sojoji suka shiga zaure da bindigogi. Wallahi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. A 2025 kuwa NDC na da rinjaye mai yawa, Bagbin ya koma ba hamayya, alhamdulillahi. Amma rinjayen ne ya cece mu. Dokar miƙa mulki ta 2012 ta tsara kwamitin miƙawa da karɓa, sai dai har yanzu komai na rataye ga dare guda. Ina son shugaba ya rantse a gaban wakilanmu, wannan kam kada a taɓa shi, amma a ba zaɓen kakaki sarari.

Af, angon naka na Kumasi ya dawo, wai zai buɗe shagon waya kusa da masallaci. Yana ta tambayarka, na ce ka zama babban mutum ba ka ɗaga kira.

Kilishin da ka yi alkawari, ka ba direban da zai taso kafin azumi. A gaida Hajiya da yara, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Naka,
amininka na Nima