Wasiƙa zuwa ga Farfesa, daga Alƙahira

Assalamu alaikum Farfesa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya uwargida da yara, yaya jikin Baba? Ka gaishe min da 'yan majalisar bakin masallaci gaba ɗaya, har da mutumin naka da har yau bai biya kuɗin shayin nan ba. Na san kana jin haushina, shirun ya yi tsawo. Amma bari in fara da abin da ya hana ni zama: Auta ta ajiye tabarau!

Ka dai san yarinyar nan, tun tana firamare ba ta gane wanda ya shigo zaure sai ya yi magana. Ta rako Hajiya nan ganin likitan gwiwa, sai muka ce tunda an zo, a duba idon. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce ta dace da aikin leza, aka yi mata ido biyun rana ɗaya. Washegari da safe ta tsaya a taga tana karanto min lambobin motocin da ke wucewa a titi, tana dariya tana hawaye. Hajiya kuwa ranar aikin ba ta tashi daga kan sallaya ba sai da muka dawo.

Kai na fara tunawa, wallahi. Ka tuna abin da kake cewa duk lokacin da aka ta da zancen nan? "Ni da idona ba ya zama wuri ɗaya, in na ƙifta ko na waiga wutar ta ƙone min ido, wa zai biya ni?" Ita ma Auta tambayar da ta yi wa likitan ke nan, kalma da kalma. To da ya ji aikina gyaran na'urorin asibiti ne, sai ya bar ni na tsaya bayan gilashi ina kallon allon da ke nuna idon. Gani ya kori ji, saurara.

Da farko, ba ƙonawa ake yi ba. Haske ne da ido ba ya gani, yana sassaƙe tantanin nan mai sheƙi da ke gaban baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya. Kaurin tantanin a tsakiya bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba, wajen maikiron 540 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Kowane harbi ɗaya na lezar yana ɗauke kusan rubu'in maikiron ne kawai. A irin aikin da aka yi wa Auta, ana ɗaga ɗan siririn marfi daga saman tantanin, a sassaƙe ƙarƙashinsa, a mayar da shi. Za ka ji ɗan ƙauri a hanci, amma zafi babu, don an ɗiga maganin da ke kashe jin ido. Ƙiftawa kuwa cire ta daga lissafi, akwai ɗan ƙarfe da ke riƙe fatar idon a buɗe.

Saura motsi, kuma a nan kana da gaskiya. Idon ɗan Adam ba ya tsayawa cak, ko ka ƙura wa abu ido yana 'yan zabure-zabure da kai ba ka san yana yi ba. Shi ya sa aka sa wa na'urar kyamara mai gani da hasken infirared, wanda shi ma ido ba ya gani, aikinta kawai ta bi ramin nan na tsakiyar baƙin ido duk inda ya nufa. Wadda aka yi wa Auta da ita ƙirar Jamus ce, WaveLight EX500. Tana harbi sau 500 a sakan ɗaya, kyamarar kuma tana duba inda idon yake sau 1,050 a sakan ɗin, wato kowane harbi sai an leƙa idon kusan sau biyu. Daga ganin motsi zuwa juya 'yan madubban da ke saita hasken, kashi 2 cikin 1,000 na sakan ne. Farfesa, ni da nake kwance injuna kullum, sai da tsigar jikina ta tashi.

A allon na ga wani ɗan gicciye ya zauna a tsakiyar idonta, idon na rawa shi ma yana rawa tare da shi, ba ya sakinsa. Ana cikin yi, ban san me ya firgita ta ba, ta kai idon gefe. Ƙarar na'urar ta ɗauke nan take, tun kafin likitan ya buɗe baki. Ya ce mata cikin natsuwa, "Dubi koren hasken nan, 'yata." Ta dawo da idon, gicciyen ya koma mazauninsa, aikin ya ɗora daga daidai harbin da ya tsaya, don kwamfutar tana riƙe da lissafin inda aka taɓa da inda ba a taɓa ba. Haka aka tsara ta: in idon ya fita daga iyakar da aka shata, ko kyamarar ta daina ganinsa sosai, ba ta harbi. Shi ma likitan ƙafarsa na kan abin takawa kamar tela a kan keken ɗinki, yana ɗagawa komai ya tsaya. Sassaƙar kanta ba ta kai sakan 10 a kowane ido ba.

Akwai wanda ya fi wannan burge ni. Ashe in mutum ya kwanta rigingine, idonsa kan ɗan murɗa a gurbinsa, digiri kaɗan, wani ma har ya wuce 10. Ga mai irin matsalarka, wanda tantanin idonsa ya fi lanƙwasa ta gefe guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in saitin ya kauce da digiri 10 an yi asarar kusan sulusin gyaran. To sai su ɗauki hoton zanen baƙin idonka kana zaune, in ka kwanta na'urar ta gwada shi da abin da take gani, ta murɗa taswirar aikin daidai yadda idon ya murɗa. Zanen idon dama ma ba ɗaya yake da na hagu ba. Ikon Allah.

Tunda kai ba ka yarda da abu sai an kawo maka tarihinsa: wani likitan Girka, Ioannis Pallikaris, shi ya raɗa wa aikin suna LASIK a tsibirin Kirit wajen 1990, Amurka ta amince da shi a 1999. Ɗaya daga cikin na'urorin farko masu bin ido, LADARVision, mai dubawa sau 4,000 a sakan, daga binciken NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta samo asali, fasahar da aka yi don kumbo ya haɗu da tauraron ɗan adam a sararin sama. Je ka faɗa wa ɗalibanka, amma ka ce daga wajena ka ji, kada ka yi halin naka.

Af, wai da gaske ne Ango ya ƙara aure ba a gaya min ba? Hajiya ce ta tsegunta min a jirgin ƙasa na cikin gari, tana faɗa tana riƙe baki. Kuma ta ce an rushe rumfar mai tsiren nan ta kwanar gidanku. In haka ne, ina kuke zama bayan isha'i yanzu? Ka rubuto min dalla-dalla, ban yarda da "lafiya lau" ɗin nan naka ba.

To koma kan ido, don akwai abin da ke damuna. Duk wayon na'urar nan, ido take bi, ba ta san ko idon ya cancanci a taɓa shi ba. Wannan aikin likita ne da gwajin da ake yi kafin ranar. Suna ɗaukar taswirar tantanin, su auna kaurinsa, su lissafa abin da zai rage a ƙarƙashin marfin. Ba a son ya gaza maikiron 250, da yawansu ma 300 suke nema. A ɗakin jira mun zauna da wani saurayi ɗan Sudan da ya zo da kuɗinsa a hannu, likitan ya ce ba zai yi masa ba, tantaninsa siriri ne kuma ya fara tsini, cutar da suke kira keratokonas. Yaron ya fita ransa a ɓace. Ni kuwa a nan na ji hankalina ya kwanta da likitan, na ce wa Auta mu shiga.

Wannan ya kawo ni kan babban ɗanka. Zuwana na ƙarshe na ga yadda yake murza ido da bayan hannu, farin idon har ya yi ja ya koma ruwan ƙasa. Ƙaiƙayin nan na lokacin zafi da ƙura ya yi yawa a yaranmu, kuma yawan murza ido yana da alaƙa da wannan tsinin. Don Allah kada ka tsaya ga maganin ɗigawa na kyamis. Daga Zariya zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ba nisa, in kuma Kano ta fi maka, ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari. Ka kai shi a duba, wannan ya fi naka gaggawa.

Naka kuwa, ba zan ce maka taho a guje ba. Ka haura 40, ko an gyara maka hangen nesa, karatu zai nemi ɗan tabarau, kai kuma kullum kanka na cikin takardun jarrabawa. Ido kan bushe na wasu watanni bayan aikin, ka haɗa wannan da hunturun Zariya. Wasu suna ganin fitilun mota da zobe a kewaye da dare, kai ga ka da tuƙin dare. Kuma ka gaya wa Baba wannan lezar ba ta cire yanar ido, ba ta maganin hawan jinin ido, nasa aikin daban ne, a gida ma ana yi. Sannan ka yi hankali da dillalan da ke tare mutanenmu tun daga filin jirgi suna cewa rabin kuɗi, yau a gwada yau a yi. Araha ba ta ado. Duk inda za ka je, tambaye su yaushe aka yi wa na'urar sabis, ko suna gwada ƙarfin hasken kafin su fara, da abin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. Har sanyin ɗakin da danshinsa ana aunawa, don suna canza yadda lezar ke ci. Wanda ya ji haushin tambayar, ɗauki hularka ka fita.

Ka ɗauko min hoton takardun awon tabarau ɗinka guda biyu na baya-bayan nan, suna so su ga lambar ba ta canza ba na aƙalla shekara guda, zan nuna wa likitan in mun koma da Auta. Su Hajiya za su taso bayan an gama gashin gwiwar, akwai dabino da turaren uwargida a jakarta, ka aika a karɓa kafin jikoki su gano wurin. Duk mai tahowa kuma a ba shi yaji da kuka, namu ya ƙare.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya raya zuri'a.

Naka,
mutuminka na Alƙahira