Wasiƙa zuwa ga ɗana a Sapporo, kan maganar Hoshino da kwana a tanti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan zamanka, ina sanar da kai cewa mu duka a nan lafiya muke, sai godiyar Allah. Na rubuto maka takarda maimakon in jira kiran ranar Juma'a saboda a waya kana da dabarar karkatar da zance har lokaci ya ƙare ban faɗi abin da ke raina ba, wannan karon kuwa ina so ka ji shi duka.

Labari ya iske ni cewa idan an yi hutun watan Agusta ka shirya tafiya Shiretoko, can ƙuryar arewa maso gabashin tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan, da kyamararka da tantinka, kai kaɗai, ka kwana a daji domin ka ɗauki hoton beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata. Ba daga bakinka na ji ba, kuma kada ka ga laifin ƙanwarka, domin ba ta faɗa ba sai da na matsa mata. Mahaifiyarka ba ta sani ba tukuna, ka kuwa san yadda jikinta yake tun bayan rasuwar Kawu.

Na san wanda ya sa maka wannan a rai. Tun da ka aiko mana da littafin hotunan Michio Hoshino ba ka da zance sai nasa, kuma kada ka ɗauka ajiye shi na yi a kan kabad yana shan ƙura. Rubutun Japananci ya fi ƙarfina, amma hoto ba ya bukatar tafinta. Na daɗe ina kallon garken karibu, waɗannan barewar ƙasar ƙanƙara masu ƙaho mai rassa, suna ƙetare kogi a jere, ga duwatsu a bayansu, ga sararin sama ya cinye fiye da rabin shafin. Abin da na lura da shi a aikin mutumin nan shi ne sau da yawa ba ya cika hoto da dabbar. Yakan bar ta ƙarama a tsakiyar ƙasa mai faɗin da ba ta da iyaka, har mai kallo ya ji ƙanƙantar kansa ya ambaci Mahalicci. Wanda ya iya wannan ba ƙaramin gwani ba ne, kuma ban ga laifinka ba da ka so shi.

Amma tunda ka ɗauke shi abin koyi, na nemi tarihinsa na bi shi daki-daki, ina kuma so ka bi shi tare da ni. An haife shi a 1952 a garin Ichikawa, kusa da Tokyo. Yana ɗalibi ya ci karo da hoton wani ɗan ƙauyen Eskimo mai suna Shishmaref a wani littafi a kan Alaska, ya rubuta wa shugaban ƙauyen takarda yana roƙon a karɓe shi baƙo, bayan watanni amsa ta zo, ya je ya zauna da wani iyali wata 3 a shekarar 1973. Ka lura, wurin mutane ya fara sauka, ya ci abincinsu, ya bi su farauta, ya koyi ƙasar daga waɗanda aka haifa a cikinta. Da ya dawo bai watsar da karatu ba, sai da ya kammala digirinsa na tattalin arziki a Jami'ar Keio. Daga nan ya yi shekara 2 yana yaron wani babban mai ɗaukar hoton dabbobi, Kojo Tanaka, yana ɗaukar masa kaya yana kallon hannunsa. Sai a 1978 ya koma Alaska, can ma jami'a ya shiga a Fairbanks ya karanci ilimin namun daji. Wannan duk kafin duniya ta san sunansa, domin babbar lambar yabon Kimura Ihei, ta masu ɗaukar hoto a Japan, sai a 1990 ya same ta.

Shekara 18 ya yi yana wannan aiki. Ƙaramin jirgin sama yakan sauke shi a arewacin Alaska inda babu hanya babu gida, matuƙin ya juya ya tafi, shi kuwa ya kafa tanti ya zauna makonni yana jiran garken karibu da ba lalle su biyo ta wurin ba. Ya san lokacin da beyar ke fitowa daga raminta bayan barcin hunturu, ya san abin da take ci a kowane wata, ya san yadda uwa ke yi idan tana tare da 'ya'yanta. A ƙarshen rayuwarsa ma hankalinsa ya koma kan dattawan ƙabilun Tlingit da Haida da tatsuniyoyinsu na hankaka. Ina jin a zamaninsa 'yan kaɗan ne a duniya suka kai shi sanin beyar.

To, beyar ce ta kashe shi. Na san ka sani, amma ban taɓa jin ka faɗa ba, duk yawan labarinsa da ka ba mu. Ranar 8 ga Agusta, 1996, a bakin tafkin Kuril da ke kudancin Kamchatka a ƙasar Rasha, ya je aiki tare da ma'aikatan wata tashar talabijin ta Japan. Lokacin hawan kifin samon ne, beyar suna taruwa a tafkin saboda abinci ya wadata. Abokan tafiyarsa suka kwana a ɗakin katako, shi ya kwana a tantinsa a waje, 'yan taku kaɗan daga ɗakin. Kafin asuba beyar ta faɗa wa tantin ta ja shi cikin daji. Yana da shekara 43, ya bar mata da ɗa namiji wanda bai cika shekara 2 ba. Daga baya an harbe dabbar, amma wannan bai mayar wa yaron da ubansa ba.

Nisan da ke tsakanin tantin nan da ƙofar ɗakin shi ne abin da ya hana ni barci, Babana. Mutumin bai mutu don jahilci ba, kuma ba zan kira shi wawa ba, domin ya fi ni da kai sanin abin da yake yi. Ya kwana kusa da beyar sau ba adadi ya tashi lafiya, to me zai sa daren nan ya bambanta? Hausawa suka ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, a nan kuwa mutum ne a matsayin kazar. Dabbar da namijinta kan haura kilo 300, take gudun da ya kai kilomita 50 a awa, ba ta san wanda ya yi shekara 18 yana ƙaunarta ba, ba ta san mai lambar yabo ba, yadin tanti kuwa ba ya tare ko kare. Ƙanwarka ta nuna mini hoton nan da ke yawo a intanet, na beyar ta cuso kai cikin tanti, wanda ake cewa shi ne hotonsa na ƙarshe, ta ce ka gaya mata haɗa shi aka yi da kwamfuta. Gaskiyarka, ƙarya ne. Sai dai ƙaryar hoton ba ta rage komai daga gaskiyar mutuwar ba, kuma ya dame ni da na ga ka fi zafi wajen gyara maganar hoto fiye da tsayawa kan abin da ya sami mutumin.

Yanzu ka dubi kanka. Yaushe ka sayi kyamarar? Wa ka yi wa yaro? A wane daji ka taɓa kwana, ban da zangon 'yan sikawut da na je na ɗauko ka da zazzaɓi? Shiretoko na cikin wuraren da beyar suka fi yawa a duniya idan aka duba ƙanƙantar wurin, kuma a watan Agustan 2025 beyar ta kashe wani matashi mai hawan dutse a Dutsen Rausu, a kan hanyar da mutane ke bi kullum, da rana, yana tare da abokinsa. Kai kuma kana so ka je kai kaɗai ka kwana. Ka ɗauki ƙarshen rayuwar Hoshino kana so ka fara da shi, ka tsallake digirin, ka tsallake shekarun bauta wa malami, ka tsallake zama da mutanen ƙasa. Wannan ba jarumta ba ce, gaggawa ce, irin wadda ta kai ka ga maganar babur, kuma ka san wanda ya kwana a asibiti a kan tabarma a lokacin. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɓoyewar. Da ka tabbata abin da za ka yi daidai ne, da ni ka fara gaya wa.

Na san kana cewa na cika tsoro, kuma tun kana ƙarami na hana ka abubuwan da 'ya'yan Baffanka ke yi. Na hana, kuma da za a sake zan sake hanawa, domin ni na san abin da na binne kafin a haife ka. Na yarda ajali ba ya gaba ba ya baya, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ban sayar da filin bayan tasha don a kira ni daga ofishin jakadanci ba.

Duk da haka ban ce ka ajiye kyamara ba. Hotunan dusar ƙanƙara da ka aiko bara suna da kyau ƙwarai, mahaifiyarka ta sa an wanke ɗaya ta rataye a ɗakinta, kowa ya shigo sai ta nuna masa. Idan Allah ya sa abincinka a nan yake, ni mai sa albarka ne. Ka je Shiretoko idan kana so, amma ka sauka a masauki mai bango da ƙofa a Utoro ko Rausu, ka fita da ɗan jagora na wurin, ka kiyaye nisan da hukumar gandun ta gindaya, ka dawo kafin duhu. Akwai jiragen ruwa da ke kai mutane su ga beyar a bakin teku daga cikin ruwa, kuma ai don irin wannan aka yi dogon gilashin da ka ce ka tara kuɗi ka saya. Idan kuɗin masaukin ne ya sa ka tunanin tanti, ka faɗa mini nawa ne, zan aiko ko da bashi zan ci. Abu ɗaya na hana ka, da ikon da Allah ya ba ni a kanka: kada ka kwana a tanti a ƙasar beyar, kai kaɗai ko da wani.

Ina jiran amsarka a rubuce, da alkawari a ciki, kafin ka sayi tikiti. Bayan haka ka kira mahaifiyarka ka gaya mata maganar tafiyar da bakinka, ni ba zan riga ka ba. Hajiya tana gaishe ka, tana tambaya ko man zafin da ta ba ka ya ƙare. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne mahaifinka.