Sanarwa: nazarin ranar Laraba a Tumfure

Salama gare ku ƴan'uwa. Nazarinmu na Laraba yana nan, ƙarfe 5 na yamma a majami'a. Kowa ya karanto Luka 19:1-10, labarin Zakka mai karɓar haraji a Yariko.

Ku lura, Yesu ya sauka gidansa tun bai gyara komai ba. Alheri ke nan. Amma tubansa bai tsaya a fatar baki ba: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma ya mayar masa riɓi huɗu. Mu masu awo a kasuwar Gombe, kowa ya dubi gindin mudunsa (na san maganar ba daɗi). A haɗa da Mika 6:8.

Iyayenmu mata, don Allah a taho da littattafan waƙa.