Tunani yana taɓa zuciya, mu daina ɓoye shi a zango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana mazauna zangunan Kumasi, musamman magidanta.

Ina da kantin magani a Aboabo, kuma mai kanti irina yakan ji abin da ba a faɗa wa likita. Mutum zai zo bayan Isha'i, ya jira jama'a su watse, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, ba ni na barci." In na tambayi abin da ya hana shi barcin, sai ya ce ai ba komai, tunani ne kawai. Mai gida na neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, ga kuɗin makaranta, ga yaro ya kama hanyar Libiya shiru ba labari. In na auna masa jini sai in ga ya wuce 170, shi kuwa yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, ƙirji ne dai ke masa nauyi in ya hau tudu. Cikin irin waɗannan ne ake wayar gari a ji sanarwar jana'iza a lasifikar masallaci, mutane na cewa ai jiya ma sun gan shi a kasuwa.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan ba mai musu. Amma cuta tana da sanadi. Wani babban bincike mai suna INTERHEART, wanda aka yi a ƙasashe 52 aka fitar a 2004, ya lissafa abubuwa tara da ke da hannu a mafi yawan bugun zuciya. Damuwa da baƙin ciki suna ciki, tare da taba, hawan jini, ciwon suga da teɓa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da hankali ya tashi, jiki yakan saki sinadarai irin su adrenaline da cortisol, zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau, jijiyoyi su tsuke, jinin kuma ya fi saurin daskarewa. Allah ya yi mana wannan don gudun haɗari na ɗan lokaci. Mai damuwar watanni kuwa, zuciyarsa kamar injin motar haya ta trotro ce da ba a kashe shi dare da rana.

Akwai kuma abin da nake gani da idona. Wanda baƙin ciki ya danne ba ya kula da kansa. Sai ya daina shan ƙwayar hawan jini, ya ƙara taba, ya koma shayi mai kauri da tsakar dare, matasa kuma su faɗa tramol. Bayan gobarar kasuwar Adum ta watan Maris 2025 kowa lissafin asarar kaya yake yi. Ni abin da na lura da shi, 'yan kasuwar da ke zuwa wurina sun rame, wasu sun watsar da maganinsu, wai da me za su ji.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar da muke ba mai damuwa. Da ya buɗe baki sai a ce masa rashin tawakkali ne, namiji ba ya raki. Wa ya kai Annabi Yakubu tawakkali? Duk da haka idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. In baƙin ciki zai taɓa idon annabi, me zai hana ya taɓa zuciyar mai sayar da albasa a kasuwar Kejetia? A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Mutanenmu suna jin tsoro don sun ɗauka ganin likitan ƙwaƙwalwa yana nufin a kwashe mutum zuwa asibitin masu taɓin hankali na Pantang ko Ankaful. Ba haka ba ne. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen wannan aiki, ana zuwa a ga likita a dawo gida, kuma tun ƙarshen 2024 aka sa ciwon baƙin ciki da na fargaba cikin abin da katin inshorar lafiya na NHIS ke ɗauka. Wanda ya taɓa yin bugun zuciya ya fi kowa bukatar wannan, domin kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan faɗa baƙin ciki mai tsanani bayansa, kuma hakan na ƙara haɗarin ciwon ya dawo.

Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan magana a huɗuba, matan gida kuma su sa ido in maigida ya daina barci da cin abinci. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ciwon na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi da haki, kada ya zo kantina neman maganin olsa. Fargaba takan kawo irin waɗannan alamu, amma awon asibiti ne kaɗai zai bambance su. A kira lambar gaggawa ta 112, ko a sa shi a tasi nan take.

Wassalam.

Naka,
Mai kantin magani,
Aboabo, Kumasi